Me ya sa ake kiwo da saran itace a dajin gwamnatin Amurka?

Tambaya: Malam, na ji an ce a Amurka makiyaya na shiga dajin gwamnati da shanunsu, har itatuwa ake sarewa a sayar. In haka ne, ina amfanin hukumar da aka ɗora wa kula da dajin? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, ɗan'uwa. Hukumar Kula da Gandun Daji ta Amurka, wadda aka kafa a 1905 zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Gona ne, kuma tun asali aikinta shi ne a ci moriyar daji ba tare da an cinye shi ba. Filin da ke hannunta ya kai eka miliyan 193, ya ƙunshi gandun daji 154 da filayen ciyawa 20. Wata doka ta 1960 ta zayyana abubuwan da za ta riƙa kula da su tare: katako, kiwo, ruwa, namun daji da kifi, da wuraren shaƙatawa.

Filayen ciyawar nan da tarihinsu. Gonaki ne da aka nome har suka mutu, fari da guguwar ƙura ta shekarun 1930 suka kori masu su. Gwamnati ta saye, ta sake shuka ciyawa, ta mayar da su wurin kiwo.

Kiwon kuwa ba kara zube ake yi ba. Makiyayi sai ya riƙe takardar izini, yawanci ta shekara 10, an rubuta shanu nawa zai shigar, wane yanki, daga wane wata zuwa wane wata. Ma'aikacin hukuma kan zaga ya duba tsawon ciyawar da ta rage da yadda bakin rafi yake. In shekara ta zo da fari, ana iya rage masa yawan shanun ko a ce ya fita da wuri. Yana biyan kuɗi kan kowace saniya da ɗan maraƙinta duk wata, kuma daga 2019 zuwa 2025 dala 1.35 ake biya. A ganina wannan kuɗi ya yi arha ƙwarai, don mai hayar filin wani yana biyan ninkin ba ninkin, kuma masu sukar tsarin suna da hujja. Amma ƙidayar nan da zagayen nan su ne ke riƙe da ciyawar. Mu ma a Arewa an yi dokar keɓe wuraren kiwo tun 1965, sai dai da yawansu ba a tabbatar da su a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ba, balle a samu mai lissafin abin da filin zai iya ɗauka, har gonaki suka cinye su tare da burtali.

Saran itace ma haka yake: hukuma ce ke tantance yankin da itatuwan da za a sare, ta sayar ta hanyar gwanjo, ta sa ido a sake raya wurin.

Inda ta sha wuya shi ne wuta. Bayan gobarar 1910 da ta cinye eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana, hukumar ta ɗauki kowace wuta abokiyar gaba, har a 1935 ta kafa ƙa'idar a kashe duk gobara kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Shekaru suka ja, busassun itatuwa da ƙirare suka taru, wutar da ta tashi daga baya ta fi ƙarfin kowa. Yanzu da kansu suke cinna wuta kaɗan-kaɗan a lokacin da ya dace, su kuma rage cunkoson itatuwa. Duk da haka a 2015 yaƙi da gobara ya lashe fiye da rabin kasafin hukumar, abin da ya rage kuɗin sauran ayyuka, ciki har da na masu zagayen duba ciyawar.