Waya za ta iya yi wa makaho jagora a titi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ya rasa ganinsa, kuma yana riƙe da wayar Android. Akwai manhajar da za ta kai shi masallaci ko kasuwa ba tare da ɗan jagora ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya sauƙaƙa masa. Akwai, amma kada ya kuskura ya ajiye sandarsa. GPS ɗin waya, wato tsarin da ke nuna inda take, ko a fili yakan kauce da kusan mita 5, a tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin rumfar kwano kuwa abin ya fi haka. Mita 5 ta isa ta raba mutum da gadar lambatu. Wayar ta san sunan titi da inda za a karya kwana, amma ba ta ganin rami, ko babur da aka ajiye a bakin hanya.

Ka fara kunna masa TalkBack a sashen Accessibility na saitin wayar, shi ne zai riƙa karanta masa abin da ke fuskarta. Sai ka sauke manhajar Lazarillo, wadda kyauta ce, tana faɗin tituna da wuraren da ake wucewa. Ku je ƙofar masallacin tare, ku adana wurin a cikinta da sunan da zai gane, domin lunguna da yawa ba su da suna a taswira. Ku maimaita hanyar da rana har sai ya haddace ta.

Inda aka fi samun matsala shi ne tsimin batir. Wayoyi da dama suna kashe manhaja da zarar fuskar wayar ta mutu, sai muryar ta ɗauke ana tsakiyar tafiya. Ka cire manhajar daga jerin waɗanda ake taƙaitawa, ka ba ta izinin sanin ainihin wurin da yake a kowane lokaci. In tana cewa dama alhali hagu ne, kamfas ɗin wayar ne ya rikice: a juya ta a iska kamar ana rubuta lamba 8. Taswirar Google Maps da aka sauke ba ta ba mai tafiya a ƙasa hanya in babu data. Kuma ya sa abin sauraro a kunne ɗaya kawai, don da kunne yake jin tahowar mota.

In ya ɓace, manhajar Be My Eyes za ta haɗa shi da ɗan sa-kai ta bidiyo, ya duba masa inda yake.

Tambaya: Mene ne amfanin tayil rawaya mai tudu-tudu da nake gani a hotunan tashoshin jirgin ƙasa na Japan?

Amsa: Jagorar makafi ce da ake ji da ƙafa ko sanda. Seiichi Miyake ya ƙirƙiro ta a 1965, aka fara shimfiɗa ta a birnin Okayama a 1967. Mai dogayen layuka na nufin ci gaba da tafiya, mai ɗigo-ɗigo kuma na nufin dakata, akwai matakala, bakin titi ko gefen dandamalin jirgi a gaba. An zaɓi rawaya ne don masu ragowar gani su iya hango ta.