Kajina Suna Zubar da Gashi, Sun Daina Ƙwai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon kaji 9 da zakara 2 a gidana a Daura. Tun shigowar hunturu nake share gashi a akurki kowace safiya, uku daga cikinsu wuyansu ya yi fayau, kuma ƙwai ya ɗauke. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa musu ja-da-yalo ko in sayar da su. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki sayar, kada kuma ki ba su maganin nan tukuna, domin ja-da-yalo ba ya sa gashi ya tsiro, kuma yana taruwa a cikin ƙwan da yaranki za su ci.

Ki kama ɗaya daga cikin ukun nan, ki buɗe gashin wuyanta ki duba fatar. Idan fatar lafiya lau take, kuma kika ga wasu tsinkaye masu kauri suna tsirowa kamar ƙayar bushiya, to sake gashi take yi, ba cuta ba ce. Kaza takan fara wannan ne idan ta kai kimanin wata 18, sannan ta riƙa maimaitawa kusan kowace shekara, galibi bayan ta daɗe tana ƙwai ko ta gama renon 'yan tsaki. Yakan fara daga kai da wuya, ya gangara ƙirji da baya, ya ƙare a fukafukai da jela, cikin mako 8 zuwa 12.

Ɗaukewar ƙwan ma da dalilinta. Fiye da kashi 80 cikin 100 na gashin kaza sinadarin gina jiki ne, wato abin da take buƙata wajen yin ƙwai, kuma jikinta ba zai iya ɗaukar ayyukan biyu a lokaci guda ba. A nan ne nake ganin ana zaluntar kajinmu na gida ba da sani ba: a watsa musu dusa da ɗan tsabar dawa, ga shi da rani babu ƙwari babu ɗanyen haki a tsakar gida, sannan a ce kaza ta lalace. Ki haɗa musu dusar da dakakken waken soya da aka soya, ko tunkuzar gyaɗa wadda ba ta da gishiri kuma ba ta yi fumfuna ba, ko garin busasshen kifi. Ƙwarin gara ma abinci ne mai kyau idan yara za su samo. Ki toshe inda iskar hunturu ke shiga akurkin, kuma ki rage kama su, saboda sabon gashin yana da jini a cikinsa, yana yi musu zafi.

Idan kuwa kika ga ƙananan ƙwari suna gudu a ƙarƙashin fiffike ko kusa da dubura, da farin ƙwansu manne a gindin gashi, ƙwarƙwata ce. Wasu ƙwarin a tsagar bango suke wuni, sai dare suke fitowa shan jini, don haka ki haska akurkin da tocila bayan isha'i. Ki share shi tas, ki ƙone sharar, ki tanadar musu toka da yashi su yi birgima, sannan ki nemi hodar kashe ƙwari da ta dace wajen malamin dabbobi.

Zakara 2 sun yi wa kaji 9 yawa, ɗaya ya ishi 10. Idan gadon bayan kajin ne kaɗai ya goge, hawan zakarun ne, sai ki rage ɗaya.