Fesa wa ƙarƙashin babbar mota maganin tsatsa

Malam, ka tambaya ko ya dace ka fesa baƙin fentin nan mai kama da kwalta a shasi da ƙarƙashin motarka da ke jigilar shanu da takin zamani tsakanin Gombe da Bauchi. Amsa ita ce ya dace, domin fitsarin dabbobi da takin yuriya suna cin ƙarfe fiye da ruwan sama, ga kuma lakar damina da take maƙalewa a lungunan shasi ta daɗe ba ta bushe ba.

Sharaɗin kawai shi ne kada a fesa shi a kan tsatsa, domin yakan rufe danshi a ciki, ƙarfe ya ci gaba da ruɓewa alhali waje yana ƙyalli. Na taɓa gani da idona a wata mota 'yar Beljiyam, wadda ta zo da tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi: mai walda ya sa sukundireba ya ɓamɓare fentin, sai ga ƙarfen yana zubowa kamar garin barkono. Saboda haka a wanke ƙarƙashin sosai, a kankare da burushin waya har ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin share fage, a bari ya bushe, sannan a fesa. Hunturu ya fi dacewa da aikin, kuma a kiyaye kada fentin ya taɓa birki da salansa da lambar shasi da ƙananan ramukan fitar ruwa.