Tambaya da Amsa: Mura ta ɗauke mini daɗin miya, amma yaji bai daina zafi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk hunturu, idan mura ta toshe mini hanci, sai miyar kuka ta zama salam a bakina, alhali yajin kilishi yana nan da zafinsa. Ko harshena ne ya sami matsala? Daga wata mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Harshenki lafiyarsa ƙalau, matsalar daga hanci take. Abin da harshe ke rarrabewa biyar ne: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, sai ɗanɗano irin na romon nama da daddawa, wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya bayyana a 1908, ya kira shi umami. Mafi yawan abin da muke ce wa daɗin miya ƙamshi ne, domin yayin da kike tauna loma, ƙamshinta yakan bi ta bayan maƙogwaro ya hau can ƙuryar hanci, inda jijiyoyi masu kafofin karɓar ƙamshi kusan iri 400 suke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Idan mura ta kumbura cikin hanci, majina ta tare hanya, ƙamshin daddawa ba ya isa wurin. Ranar da kika warke, ki matse hancinki ki tauna yankan gwaiba: zaƙi da ɗan tsami kawai za ki ji, sai kin saki hancin gwaibar za ta bayyana.

Shi kuwa zafin yaji, a ganina nan ne tambayarki ta fi armashi, ba ɗanɗano ba ne sam. Barkono yana ɗauke da sinadarin kafsaisin, wanda ke tayar da jijiyoyin da aikinsu shi ne gargaɗin ƙuna idan zafi ya kai wajen digiri 43. Ba'amurke David Julius ya gano kafar da kafsaisin ke kamawa a jikin waɗannan jijiyoyi a 1997, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2021. Jijiyoyin suna cikin fata ma, shi ya sa mai yanka attarugu take jin raɗaɗi a yatsunta, kuma ba ruwansu da toshewar hanci. Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa sosai, saboda haka kindirmo ya fi ruwan randa kashe wannan zafin.

Idan mura ta wuce da makonni amma ƙamshi bai dawo ba, don Allah ki ga likita, domin wadda ba ta jin wari ba za ta gane yoyon gas ko abincin da ya lalace ba.