Me ke fitar da ƙaramin jirgi daga titi bayan ya riga ya sauka?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wani ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya yana saukowa a karkace ana iska. Tayoyinsa sun taɓa ƙasa lafiya, sai kawai ya karkata ya faɗa ciyawa, fiffikensa ya daki ƙasa. Laifin iska ne ko na matuƙi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, karkacewar da ka gani a sama ba matsala ba ce, da gangan ake yin ta. Idan iska na bugowa ta gefen titi, matuƙi yakan juya hancin jirgi ya ɗan fuskance ta don kada ta kwashe shi, kamar yadda mai fito yake nufar da kwalekwale sama da mashigi saboda ƙarfin ruwa. Amma ba a dira a haka, domin tayoyi gaba suke gudu, ba gefe ba. Dab da ƙasa sai ya taka feda, wadda ke juya hancin jirgi dama ko hagu, ya miƙar da hanci kan titi, ya karya sitiyari ya kwantar da fiffiken da ke ɓangaren iska. Tayar wannan ɓangaren ce za ta fara taɓa ƙasa, sannan ɗayar, sannan ta gaba.

Abin da ke ɓata wannan lissafi shi ne iskar da ba ta tsayawa a ƙarfi ɗaya, ta bugo ta lafa. A ɗauki titin filin jirgin Malam Aminu Kano mai lamba 06, wato wanda ke fuskantar digiri 60, arewa maso gabas. Da hunturu iska kusan ta gaba take zuwa masa, abin da matuƙi ke so ke nan. Amma hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa. A ce hasumiyar kula da jirage ta sanar da iska daga digiri 90, wato gabas, ƙarfinta not 20 (not shi ne ma'aunin gudun iska da na jirgi) tana bugowa har 30. Tazarar digiri 30 ce, don haka rabin ƙarfin ne ke zama na gefe: not 10, da ta bugo kuma 15. To not 15 ɗin nan, kusan kilomita 28 a sa'a, shi ne iyakar iskar gefe da aka gwada ƙaramin jirgi samfurin Cessna 172 da ita aka rubuta a littafinsa. Ba doka ba ce, gwaji ne na ƙwararren matuƙin kamfani, kuma ni ban yarda sabon matuƙi ya ɗauki lambar ƙwararre ya mai da ita tasa ba.

Ana kuma ƙara gudu kaɗan, rabin bambancin da ke tsakanin 20 da 30, wato not 5, don kada iska ta lafa farat ɗaya jirgi ya faɗo da ƙarfi. Wanda tsoro ya sa ya ƙara fiye da haka sai jirgin ya ƙi zama, ya yi ta shawagi a kan titi iska na tura shi gefe.

Yanzu ga ainihin abin da ya faru a bidiyonka. Da tayoyi suka taɓa, matuƙin ya ɗauka aiki ya ƙare, ya mayar da sitiyari tsakiya. Alhali a lokacin jirgin yana da sauran gudu, fikafikansa na ɗauke da wani kaso na nauyinsa, tayoyi ba su kama ƙasa sosai ba. Iska ta shiga ƙarƙashin fiffike ta ɗaga shi, ta kuma daki jelar da ke tsaye ta juya hanci ya fuskance ta. Ga shi kuma gudu na raguwa, ikon feda da sitiyari na raguwa tare da shi. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya riƙa ƙara karya sitiyari zuwa ɓangaren iska har ya kai ƙarshe, ya riƙe shi haka har wurin ajiye jirgi. Jiragen da ƙaramar tayarsu ke jela sun fi muni a nan, domin nauyinsu na bayan manyan tayoyi, da sun fara juyawa sai su wulwula gaba ɗaya.

A Amurka, inda ƙananan jirage suka fi yawa, haɗarin sauka ne ya fi kowane yawa cikin haɗurran da ake danganta wa matuƙa, duk da cewa ba kasafai ake rasa rai a cikinsa ba. Abin da ke min ciwo shi ne mafita na hannun matuƙi tun yana sama. Idan ya taka feda har ƙarshe hanci bai miƙe ba, iskar ta fi ƙarfin jirgin. Sai ya ba da totur duka ya tashi ya sake zagayowa, ko ya nemi wani titi, ko wani filin. Kunyar fasinja ko ta masu kallo ce ke hana wasu yin haka.

Saboda haka amsarka, Malam: iska ce ta tura jirgin, amma tun kafin ya sauko an faɗa wa matuƙin inda take bugowa da ƙarfinta.