Tambaya da Amsa: Kaina ya ɗaure, in jira ƙura ta lafa ko in motsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Shekarata 32, ina aiki a wani kamfani tun da na gama karatu, to tun lokacin korona abubuwa suka fara tangal-tangal, sau biyu ana rage ma'aikata ni dai Allah yana tsallakar da ni amma kullum cikin jita-jita muke wai za a sake, ga kuma maganar ƙirƙirarriyar basira da ake cewa za ta ƙwace irin aikinmu. Wannan ya ce in koma karatu, wancan ya ce in fara kasuwanci, wani ma cewa ya yi in fita waje kawai. Wallahi da daddare ba na iya barci sai in ta danna waya har asuba, kuma ni kaina in kika tambaye ni me nake so ban sani ba. In zauna in jira komai ya daidaita ne ko yaya zan yi?

Ƙaninki, S.A.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanina. Da farko dai ka kwantar da hankalinka, rashin barcin nan ba ragwanta ba ce, haka jikin ɗan Adam yake in bai san abin da ke tafe ba. A 2016 wasu masu bincike a jami'ar University College London sun sa mutum 45 wani wasan kwamfuta, kana ɗaga dutse in akwai maciji a ƙasa sai a ɗan ja ka da lantarki a hannu. Abin mamaki, mutanen sun fi shiga damuwa lokacin da abin yake rabi da rabi, ko a ja su ko kar a ja, fiye da lokacin da suka tabbata za a ja su ɗin. Ka ga kenan zaman "za a kore ni, ba za a kore ni ba" yana iya cin mutum fiye da takardar sallamar kanta.

Maganar jira kuwa gaskiya ban ba ka goyon baya ba. Tun watan Maris na 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya kake jira, me ya daidaita? Wannan ta wuce wata ta zo. Kuma ka lura da wasiƙarka da kyau, ka faɗa min ra'ayin mutum uku da jita-jitar ofis da abin da waya ke nuna maka, naka ra'ayin ne kaɗai babu. Nan matsalar take. Ka miƙa linzaminka ga mutanen da ba su za su biya kuɗin kuskuren ba, don wanda ya ce ka fita waje in abin ya ɓaci iyaka ya ce maka Allah ya kyauta.

Sayyidina Umar ya ce ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku hisabi. To ka samu lokacin da babu kowa, ka kashe wayar, ka ɗauki biro da takarda, takarda fa na ce, don in ka ce a waya za ka rubuta kafin ka ankara kana Facebook. Ka raba shafin biyu. Gefe ɗaya abin da ba ya hannunka: ko kamfani zai rage mutane, tattalin arziki, inda fasaha ta dosa. Ɗaya gefen abin da ke hannunka: me kake koya, nawa kake ajiyewa, da wa kake hulɗa, ƙarfe nawa kake kwanciya. Na farkon addu'a ce tasu. Na biyun su ne aikinka, kuma za ka ga sun fi yawa fiye da yadda kake zato.

Sai tambayar da ka ce ba ka da amsarta, wato me kake so. Kar ka zauna kana jiran amsar ta faɗo maka, ka duba baya. A shekarun nan da ka yi kana aiki wane irin aiki ne in ka fara ba ka sanin lokaci ya tafi, wane abu ne mutane ke zuwa wajenka takanas don ka taimaka musu da shi, kuma wane abu ne ko nawa za a ba ka ba za ka yi ba saboda mutuncinka ko addininka? Amsoshin nan ba za su ba ka sunan sana'a ba amma za su nuna maka ɓangaren da za ka fuskanta, kuma shi ba ya canzawa don wani manaja ya kira taro.

Albashin da har yanzu yake shigo maka kuwa, ka tuna Annabi Yusuf, alaihis salam. Bai hana fari zuwa ba, cewa ya yi a yi noma shekara bakwai a bar hatsin a zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci. Kai ma yanzu kana cikin shekarun noman ne. Ka fara tara abin da zai riƙe ka ko da na wata uku ne in aikin ya tsaya, mutumin da ke da ajiya tunaninsa daban yake da wanda wuƙa ke wuyansa.

Daga cikin hanyoyi ukun nan ka zaɓi ɗaya tak ka gwada ta a ƙarami ba tare da ka ajiye aikinka ba, taura biyu ba ta taunuwa balle uku. In kasuwanci ne ka sayar wa mutum goma tukuna ka ga ko za su dawo. In karatu ne ka yi gajeren kwas ka ga ko zuciyarka na wurin, don ni na sha ganin masu komawa digiri na biyu ba don suna so ba sai don su ɗage yanke shawara da shekara biyu, su fito da takarda da tambayar da suka shiga da ita. Ka sa wa gwajin rana, misali wata uku, ranar ka zauna ka duba, ka nemi mutum ɗaya da ya taka hanyar da ƙafarsa ka tambaye shi, ka yi istihara.

Akwai kuma wata dabara da masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe Peter Gollwitzer ya yi bayaninta a 1999, ya nuna mutane sun fi cika niyya in suka ɗaure ta da wani lokaci da wani wuri takamaimai, wato "in kaza ya faru zan yi kaza". Ka rubuta naka: in aka sallame ni, satin farko wane da wane zan kira, kaza zan rage a kashe kuɗi. In ƙarfe goma na dare ta yi, waya tana falo ni ina ɗaki. In kuma rashin barcin ya ɗauki makonni, ko ka ga abinci ya fita ranka, ko ba ka jin daɗin komai, dan Allah ka ga likita, wannan ya wuce shawarar mujalla.

Ka sake rubuto min bayan wata ukun in ji wacce ka gwada.