Carbin da ka tafi da shi Ayalan

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ran Lahadi ka shiga coci a Dablin, babban birnin Ayalan, ka tarar da kujeru wayam, sai tsofaffi ƙalilan, kuma abokan zamanka suna yi maka dariya in ka ɗauko carbi da dare. Kana tambaya ko wannan al'ada tamu ta yin rosari, wato addu'ar carbi ta Katolika, bayan tuwon dare tana da sauran amfani, tun da waɗanda suka koya mana ita sun ajiye.

Abin da idonka ya gani gaskiya ne. A 1979 da Paparoma John Paul na Biyu ya je can, mutum fiye da miliyan ɗaya suka taru a filin Phoenix Park. Ƙidayar 2022 kuwa ta nuna kashi 69 cikin 100 na mutanen ƙasar ne ke kiran kansu Katolika, kuma ba duka ke zuwa Mas, wato babbar ibadarmu ta coci, ba. Kada ka yi saurin cewa kuɗi ne ya ruɗe su. Rahotannin da suka fito a 2009 sun tona yadda wasu fadoci da ma'aikatan gidajen yara suka cuci ƙanana, manya kuma suka rufe maganar. Uwar da aka yi wa ɗanta haka, wa zai ga laifinta in ta daina zuwa? Saboda haka ka kama bakinka, kada ka yi musu wa'azi.

Amma ka san dalilin da ya sa fadocin Ayalan da suka zo ƙasarmu suka nace mana da addu'ar gida? Kakanninsu sun yi zamanin da dokar Ingila ta takura wa Katolika, har a kan duwatsu cikin daji ake yin Mas a ɓoye. A ɗaki, gefen murhu, suka riƙe bangaskiyarsu. Mu ma haka muka taso. Ina yaro Fada yakan yi wata biyu bai leƙo ƙauyenmu ba, in damina ta sauka ma sai rafi ya janye. Katikis ne ke karanta mana Bishara ran Lahadi, kakarka kuma ta tara mu a tsakar gida da fitilar aci-balbal. Ba ta iya karatu ba, amma ba ta taɓa ɓata lissafin “A gaishe ki Maryamu” ba. Ni kam sau da yawa barci ke kwashe ni tun kafin a kai goma ta uku, sai in ji ranƙwashi.

Mu nawa ne a lokacin? Ba mu cika benci huɗu ba. Ba wanda ya zaci zai ga ranar da Paparoma zai zo Kaduna ya naɗa 'ya'yanmu fadoci, sai ga shi a 1982 mun gani da idonmu. Yau fadocin Najeriya ne ke riƙe da wasu coci-coci a ƙasar da kake.

Ka ci gaba da carbinka, ko goma ɗaya ce in aiki ya gajiyar da kai. Tsofaffin nan da ka raina yawansu, ka tsaya bayan Mas ka gaishe su, su ne suka ƙi tafiya.

In ka samu hutu, ka hau mota zuwa birnin Kok. A unguwar Wilton akwai maƙabartar fadocin SMA, wato ƙungiyar mishan ta Afirka, da yawa cikinsu a ƙasarmu ta Arewa suka ƙarar da ƙuruciyarsu. Ka yi musu goma ɗaya da Hausa, sun iya ta. Mamarka tana gaishe ka, ta ce ka sayi rigar sanyi mai kauri.